Shirin Kwana a Bakin Tiga

Shekara 17 ke nan ina koyar da labarin ƙasa, ina zana tafki da alli a kan allo. Ran nan na sa ɗalibaina su rubuta insha'i a kan daji. Wani yaro ɗan Yakasai ya cika nasa da zakuna da giwaye. Da na tambaye shi inda ya gan su, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa wuce Na'ibawa ba." Babban ruwan da ya sani shi ne kududdufin bayan gidansu.

Maganar nan ta tsaya mini a rai, na ƙudura sai na kai su Tiga mun kwana. Madatsar ruwan nan, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana kimanin kilomita 70 kudu da birni. Ita ta tare Kogin Kano, ita ke shayar da shinkafar Kadawa da Kura, daga kudancinta kuma dajin Falgore ya soma.

Na zaɓi farkon hunturu, lokacin da sauro ya yi sauƙi. Na jera kayan tafiya: tabarmi, barguna, tocila, tukwane, garin kwaki da ƙuliƙuli, da jarkokin ruwan sha. Na kafa doka biyu: ba wanka a tafki saboda tsargiya da nutsewa, ba shiga daji. Kusa da masunta za mu sauka, da sanin dagaci.

Ashe duk wannan mai sauƙi ne. Na rarraba takardun neman izini 30, guda 11 suka dawo. Na taka har Kasuwar Kurmi wurin mahaifin yaron nan, baduku ne. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, in ruwa ya ci shi, me za ka gaya wa uwarsa?" Wallahi na rasa amsa. Daren nan ban runtsa ba, don na gane amanar 'ya'yan mutane na ɗauko.

Bayan kwana uku sai ga takardar. A ƙasanta dattijon ya sa an rubuta: "Na yarda, amma da ni za a je. Ni ma ban taɓa gani ba."

'Yan'uwa marubuta, gani ya kori ji. Na ƙara bargo ɗaya a lissafi. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.