Kwaɗo, Famfo da Lissafin Jira

Shekara goma sha takwas ke nan ina koyar da Faransanci da Hausa a wata makarantar sakandare a Zinder, kuma babu abin da hannuna ya saba rubutawa kamar alamar latti a gaban sunan ɗalibi. Da sanyi alamar ba ta da yawa. Da zarar bazara ta kama, daga Maris har faɗuwar ruwan farko, sai shafin ya cika, akasari a gaban sunayen ƴan mata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ruwa ne. Sai dai sanin dalilin bai taɓa hana ni tsayar da yarinya a bakin ƙofar aji ba, domin doka doka ce, ni kuma mintin da aka makara kaɗai aka ce in rubuta.

Abin da ya sa na sake duban wannan shafi ya zo mini ne ta hanyar da ban zata ba. Wani tsohon ɗalibina, wanda ya karanci ilimin kwamfuta, ya zo gaishe ni da sallah, kwamfutarsa a jaka. Bayan gaisuwa na tambaye shi aikin da yake yi, sai ya buɗe mini wani jadawali mai cike da lambobi, ya ce: "Mushe, wannan lissafin jira ne." Na ce masa: "Ɗana, na'ura ma tana jira? Ni a zatona gaggawa kaɗai ta sani." Ya yi dariya, ya gyara zama.

Ga abin da na fahimta, kuma na bi shi da karatu daga baya. A can cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai wani sashe da Faransawa ke kira noyau, wato ƙwallo, kamar na dabino ko na mangwaro: abin da ke ciki, wanda ba a gani, amma komai a kansa ya ginu. Shi ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya da lokacin aiki. Wanda ɗalibina ya nuna mini shi ne na Linux, wanda Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, ya fara a 1991, kuma shi ne ke cikin kowace wayar Android da ke aljihun ɗan kabu-kabu a Zongo ko Birni. Guntun da ke yin lissafi a irin wannan waya yakan ƙunshi ma'aikata huɗu ko takwas, duk suna aiki a lokaci guda. To, idan biyu suka kai hannu kan bayani ɗaya, wannan yana rubutawa wancan yana gogewa, sai a sami ɓarna. Don haka aka sa wa kowane irin wuri kwaɗo. Wanda ya riga ya kama mabuɗi, ya shiga, ya gama, ya saki. Sauran su jira.

Jiran ma iri biyu ne. Akwai kwaɗon da mai jira ke tsayawa a gabansa yana ta taɓawa ko an saki, bai yin komai sai wannan. Akwai wanda mai jira ke barin sunansa ya tafi ya kwanta, a tashe shi idan layi ya zo kansa. Da na ji haka na ce masa ya dakata, domin wannan na san shi tun ina yaro. A famfon unguwarmu ma kwaɗo ake sa wa, mabuɗin yana hannun mai famfo. Wata takan tsaya kan jarkarta har ruwa ya zo, wata takan ajiye jarkar a layi ta koma gida ta hura wuta. Ta farko ta yi asarar safiyarta, ta biyu kuma tana iya dawowa ta tarar an tsallake ta.

Tarihin abin ya fi ba ni sha'awa. Lokacin da Linux ya fara aiki da ma'aikata da yawa, a 1996, kwaɗo ɗaya tak aka sa wa ƙwallon gaba ɗaya. Ko ma'aikata nawa ne, ɗaya kaɗai ke shiga, kamar gari guda da famfo guda. An ɗauki shekara goma sha biyar ana farfasa wannan babban kwaɗo zuwa ƙanana, ba a cire shi kwata-kwata ba sai a 2011. Kuma ba da ka aka yi aikin ba. Sai da aka auna, domin kwaɗon da mutum ke zargi sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Tun a 2000 Ray Bryant da John Hawkes suka fito da wani ma'auni mai suna Lockmeter, a 2007 kuma Peter Zijlstra ya shigar da wanda ɗalibina ke amfani da shi cikin ƙwallon kansa.

Jadawalin yana ba kowane kwaɗo layi guda. Yana faɗin sau nawa aka kama shi, da sau nawa wani ya zo ya tarar da shi a hannun wani. Sannan ya raba lokaci gida biyu: lokacin riƙo da lokacin jira, kowanne da mafi gajartarsa, da mafi tsawonsa, da jimillarsa, da matsakaicinsa, ana ƙidayawa da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Wannan rabo shi ne ya tsaya mini a rai. Kwaɗo yana iya shan kamu sau dubu ɗari ba wanda ya jira shi, wannan ba damuwa. Wani kuma riƙonsa ɗan kaɗan ne, amma masu nemansa sun yi yawa, sai jiran ya ninka riƙon sau da dama. A ɗauka jarka mai lita 25 tana cika cikin minti uku. Wannan ne riƙo, ba wanda zai ce ya yi yawa. Amma mai jarka ta arba'in a layi za ta yi kusan awa biyu kafin ta taɓa famfo, in ma ruwan bai ɗauke ba. Mita da ke jikin bututu tana ƙidaya litar da ta wuce, mai famfo yana ƙidaya kuɗin da ya karɓa. Awa biyun nan babu littafin da take shiga.

Mu mutanen Damagaram ba baƙin wannan magana ba ne. Garin yana zaune a kan dutse, duwatsun Birni shaida ne, ƙasar ba ta riƙe ruwa a kusa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan zuwa Yamai a 1926. Daga nesa ake jawo mana shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, garin kuwa yana ta faɗaɗa fiye da bututunsa. Ba na cewa jadawali zai huda dutse. A kwamfuta ana iya raba kwaɗo biyu da rubutu kawai, famfo na biyu kuwa sai da ruwan da zai zuba.

Amma ba duk jira ne ƙarancin ruwa ke haifarwa ba, kuma a nan gurbin "mafi tsawo" ya yi mini amfani. Matsakaici yana rufa asiri. Idan mutum tara sun jira minti goma, ɗaya ya jira awa uku, matsakaicin zai fito da fuska mai kyau. A Linux na da, idan aka saki kwaɗo, wanda ya fi kusa ko ya fi sauri shi ke cafkewa, har wani ma'aikaci ya yi ta kamawa a jere, wani yana can an manta da shi. A 2008 aka gyara wannan da tsarin lamba: kowa ya zo ya karɓi tasa, a bi su bi da bi, a 2015 kuma aka maye gurbinsa da wani tsarin layi da ya fi shi jure cunkoso. Ba a rage riƙon kowa ba, an dai hana a bar wani a baya har abada. A famfonmu wanda ake bari a baya sananne ne. Ba ɗan ga-ruwa mai kura da jarka goma ba ne, ba kuma babbar mace mai murya ba. Yarinya ce ƴar shekara goma sha uku, wadda tarbiyya ta hana ta ɗaga murya a gaban manya, irin tarbiyyar da mu malamai muke yabo a aji.

Ɗalibina ya ƙara mini da cewa wannan ma'auni ba a barinsa a kunne kullum, domin awon kansa yana cin lokaci, yana rage wa na'ura gudu. Na ga gaskiyar haka da aka koma makaranta. Na ja layi a wani littafi nawa na kaina, na yi gurbi biyu, na fara tambayar duk wadda ta makara ƙarfe nawa ta isa famfo. Tambayar tana cinye mini minti biyar na darasi, kuma wasu suna jin kunyar amsawa, kamar na tona talaucin gidansu. Na koma yi a ƙarshen darasi, a hankali, ba a gaban aji ba.

Wata Talata a cikin Afrilu wata yarinya ƴar aji uku ta shigo ƙarfe takwas da minti ashirin, gefen zanenta a jiƙe. A rajistar makaranta na rubuta ashirin, kamar yadda aka umarce ni. Da aka tashi na kira ta, na ce: "Ƴata, yaushe kika fita?" Ta sunkuyar da kai ta ce: "Mushe, kafin kiran assalatu." Na tambaye ta ko ta samu. Ta ce ruwan ya ɗauke saura jarka biyu a gabanta, ta bar tata a layi, ƙanenta yana tsaro. Shi ƙanen a firamare yake, rajistarsa tana hannun wani malami.