Daga Tudun Wada Zuwa Kogin Nilu a Jirgin Ruwa

Mu mutanen Tudun Wadar Zariya ba mu tashi da sanin jirgin ruwa ba. Ruwan da muka sani shi ne Kubanni, wanda yake cika da damina, da rani kuwa ya janye jikinsa. Labarin jirgin ruwa a wurinmu na kakanni ne, waɗanda suka bi ta Sudan a ƙasa, suka yi shekaru a hanya, sannan suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Wannan tafiyar ibada ce, kuma da wahala aka yi ta. Amma a ce mutum ya biya kuɗi ya shiga jirgi ya kwana a ciki, ba fatauci ba, ba aikin hajji ba, don kawai ya huta ya ga duniya, ba kasafai ake jin wannan a majalisun unguwar Agoro ko ta Kongo ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar ne ya sa mini abin a rai. Da ya ji za mu je Masar ni da mai ɗakina, sai ya ce, "Kawu, don Allah kada ku tsaya Alƙahira kaɗai. Ku gangara kudu, ku da Hajiya, ku shiga jirgin da ke bin Nilu tsakanin Aswan da Luksor. Ruwan kogi ne, babu igiyar da za ta juya muku ciki." Wannan magana ta ƙarshe ita ta kwantar wa Hajiya da hankali, kuma ita ce shawarar da nake ba duk ɗan tudu irina: ka fara da kogi kafin teku. A kogi kana ganin gaɓa dama da hagu a kowane lokaci.

Rabin daɗin tafiyar tun a gida ake shirya shi. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja ake nema, kuma kada ka biya kuɗin jirgin ruwa kafin ta fito, sai fa in an rubuta maka cewa za a mayar maka da kuɗinka. Katin allurar rigakafin shawara ya zama cikin jakar hannu, domin Masar tana neman sa ga wanda ya fito daga Nijeriya. Dala daga wurin 'yan canji tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba, saboda a yawancin wuraren tarihin Masar yanzu da katin banki ake sayen tikitin shiga. Ka tabbata kana da katin da ke aiki a ƙasar waje. Lokacin tafiya kuwa daga Oktoba ne zuwa Afrilu. Da bazara zafin Aswan yakan wuce digiri 40, kuma duk yawon a tsakiyar duwatsu ake yin sa, inda babu inuwa. Mu a Fabrairu muka tafi, rana ba ta da zafi sosai, dare kuwa da sanyi, har rigunan da muke sawa da hunturu suka yi mana rana.

Akwai tambayoyin da na yi wa dillalin tikiti tun ina Tudun Wada, na kuma ce ya rubuto mini amsarsu. Mene ne sunan jirgin? A wane bene ɗakin yake? Kuɗin ya haɗa da na shiga wuraren tarihi da ɗan jagora, ko abinci da makwanci ne kawai? Wa zai ɗauke mu daga tasha? Tambayar sunan jirgi ta fi kowacce nauyi, domin kusan kowane dillali zai ce maka jirginsa mai tauraro biyar ne, alhali tsakanin wani da wani akwai nisa ƙwarai. In ka san suna, kana iya duba hotunansa da abin da fasinjoji suka faɗa a kansa a intanet.

Daga Kwangila a Zariya muka hau mota zuwa Kano, daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano kuma EgyptAir ya kai mu Alƙahira. Bayan mun huta, muka bi jirgin ƙasa na dare mai ɗakunan kwana zuwa Aswan, tafiyar kusan kilomita 900. Mun zaɓi mu fara daga Aswan ne saboda Nilu daga kudu yake gangarowa arewa. Mai bin ruwa zuwa Luksor yawanci kwana uku ake sayar masa, mai haurawa daga Luksor kuma kwana huɗu. In da hali, na kwana huɗun ya fi natsuwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki a bakin ruwa shi ne yadda jiragen suke tsayawa. Ba kowanne ke samun gaɓa ba, sai a jera su kafaɗa da kafaɗa, ka ratsa ta cikin zauren jirgi biyu ko uku kafin ka isa naka. Saboda haka in jirgi yana tsaye, ba mamaki ka yaye labule ka ga tagar wani ɗakin a gabanka, ba kogi ba. Wannan babu yadda za a yi da shi, amma zaɓen ɗaki yana hannunka. Benen ƙasa ya fi araha, sai dai tagarsa daf da ruwa take. Ɗakunan baya kusa da inji suke, akwai ƙara da ƙaurin mai. Namu a benen tsakiya yake, wajen gaba, kuma barci muka yi mai kyau.

Kafin mu kwance kaya na buɗe kabad na nemo rigunan ceto, na nuna wa Hajiya yadda ake ɗaura su, muka kuma bi hanyar fita da ƙafarmu har muka gane ta. A manyan jiragen teku dole ne a yi wa fasinjoji wannan atisaye, an kuma ƙara tsananta dokar bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. A jirgin kogi ba lallai ne wani ya tara ku ya nuna muku ba. Ka nema da kanka, ba ya cin lokaci.

Daren farko jirgin bai motsa ba, a Aswan ya kwana. Da rana an kai mu babbar madatsar ruwan da aka kammala a 1970, sannan muka shiga ƙaramin kwalekwale mai inji zuwa ginin Fila, wanda aka kwance dutse bayan dutse aka sake ginawa a wani tsibiri mai tudu don kada ruwa ya cinye shi. Zuwa ginin tarihi na Abu Simbel, mai nisan kimanin kilomita 280 kudu da Aswan, kuɗinsa daban ne, kuma tun kafin asuba ake tashi. Wani magidanci da muke cin abinci tebur ɗaya ya zaci yana cikin abin da ya biya, sai a nan ya ji ba haka ba ne, ga shi da yara. Ransa ya ɓaci ƙwarai, kuma na tausaya masa. Ruwan sha na gora da lemo ma ba sa cikin kuɗin a yawancin jirage, ana rubutawa ne a sunan ɗakinka ka biya ranar fita. Mu a gari muke sayen ruwanmu. Na famfon jirgi na wanka ne da alwala, ba na sha ba.

Maganar salla ita ce mutanenmu suka fi yi mini tambaya a kai. Matafiyi ne kai, ƙasaru ta halatta gare ka. Alƙibla daga wannan yanki gabas take, ta ɗan karkata kudu, kuma na'urar wayar hannu tana nuna ta, amma kogi yana lanƙwasa, jirgi yana juyawa da shi. Abin da ya fi mana sauƙi shi ne mu dubi jadawalin da ake liƙawa kowane dare, mu daidaita sallolinmu da lokacin da jirgi yake tsaye. Ma'aikatan jirgin galibinsu Musulmi ne, kuma da na tambayi wani dattijo a cikinsu, sai ya nuna mini inda suke shimfiɗa tabarmarsu. Ba zan ɓoye ba, akwai mashaya a jirgin, wani daren kuma akan kawo mai rawa. Babu mai tilasta maka zuwa. Mu a irin wannan lokaci saman jirgi muke hawa. Wanda ba ya son ko ganin wannan, akwai jirgin teku na Saudiyya mai suna Aroya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, wanda aka tsara shi daidai da al'adun Larabawa.

Saman jirgin nan shi ne abin da mutum ya biya wa kuɗi, ko ya sani ko bai sani ba. Da jirgi ya saki gaɓar Aswan ya kama hanya, sai ƙasar Masar ta riƙa wucewa a gabanka a hankali. Tsirin kore ne siriri a kowace gaɓa, dabino da rake da ayaba, bayansa kuma nan take sai rairayi da tsaunuka, babu ko ciyawa. A wasu wurare koren bai fi a taka shi cikin 'yan mintuna ba. Ka ga manomi da jakinsa, ka ga masunta biyu a kwalekwale, ɗaya yana tuƙi ɗaya yana dukan ruwa da sanda don ya kora kifi cikin koma, ka ga yara suna ɗaga hannu suna kira. Jiragen filafilai suna haurawa kudu ba inji, saboda iska daga arewa take busowa, ruwa kuma daga kudu yake gangarowa, haka mutanen wannan kogi suke zirga-zirga tun zamanin da. Da magariba kiran salla yakan taso daga ƙauyukan gaɓa biyun, wannan ya ɗauka wancan ya amsa. Hajiya, wadda ta shigo jirgin tana riƙe da hannuna, ita ce ta koma tana tashina da sassafe tana cewa, "Malam, taso mu hau sama kafin a cinye kujerun gaba." Na ga fasinjoji da yawa da suka yi wannan sa'o'i a ɗaki suna barci ko suna latsa waya, suna jiran a iso wurin tarihi na gaba. A ganina sun bar mafi tsadar abin da suka saya.

A Kom Ombo jirgi yana tsayawa ne a gindin tsohon ginin tarihin da ke can, da ƙafa ake hawa. Kusa da shi akwai ɗakin da aka ajiye gawarwakin kadoji waɗanda mutanen zamanin da suka busar, domin kada yana cikin abin da suke bauta wa. Kafin mu taso wani maƙwabcina mai ilimi ya tambaye ni abin da zai kai ni kallon gumakan mutanen Fir'auna. Tambaya ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amsata ita ce Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen na farko ya kasance, kuma duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin waɗannan ginshiƙai, ya ga babu ko ɗaya daga masu su, jikinsa zai yi sanyi.

Idfu da keken doki ake shiga daga bakin ruwa. Ka daidaita kuɗin zuwa da dawowa kafin ka hau, ka riƙe lambar keken, kada kuma ka biya sai an dawo da kai. Ginin da ke can an fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi shekara 180 ana aikinsa, kuma rufinsa yana nan. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sanin cewa wannan hanyar alhazai ce a da. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya bi ta a 1326, ya ratsa Luksor da Isna da Idfu, ya tsallaka kogi ya shiga hamada zuwa Aizab a bakin Bahar Maliya, da niyyar ƙetarawa Jidda.

A nan ne kuma na gane cewa agogon jirgi ba ya jiran kowa. In an ce ƙarfe tara, ƙarfe tara ne, domin matuƙi yana neman layi a ƙofar ruwa ta Isna. Duk lokacin da za ka sauka akan ba ka kati mai sunan jirgi, ka mayar in ka dawo, da shi suke sanin wanda bai shigo ba. Ka adana lambar wayar ɗan jagora, ka dawo da wuri. Ita ƙofar Isna abin kallo ce: jirgi ya shiga wani dogon rami, a rufe bayansa, a rage ruwa a hankali har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe ya wuce. Yayin jira 'yan kasuwa sukan kewaye jirgi da kwalekwale, suna jefo jallabiya da mayafi cikin leda har saman bene. In ka so ka yi ciniki da ihu, ka sa kuɗi a ledar ka jefa musu, in ba ka so ka mayar da kayan. Wani lokaci akan rufe ƙofar don gyara, sai a ƙarasa da fasinja a mota, don haka ka tambaya kafin ka tsayar da rana.

Luksor ta fi ƙarfin yini ɗayan da jadawalin jirgi ya ba ta. An ruga da mu Kwarin Sarakuna, inda Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a 1922, aka wuce da mu ginin sarauniya Hatshepsut, da yamma kuma ginin Karnak, ƙafafu sun gaji. Takalmi mai taushi da hula ko lema dole ne, mai ciwon gwiwa kuma ya zaɓi abin da zai iya, ba dole ne ya shiga kowane rami ba. A tsakiyar tsohon ginin Luksor akwai masallacin Abul Hajjaj, malamin ƙarni na 13, an gina shi a bisa bangon Fir'aunoni kuma har yau ana salla a cikinsa. A can muka yi isha'i.

Daren ƙarshe akan ajiye ambulan a ɗaki don tukuicin ma'aikata, a raba musu gaba ɗaya, har da masu wanke kwanuka da na ɗakin inji waɗanda ba ka taɓa gani ba. Ka ware wannan kuɗin tun daga gida, na ɗan jagora kuma daban, ka tanadi ƙananan fam na Masar don direbobi da masu ɗaukar kaya. Ka duba takardar abin da aka rubuta a sunan ɗakinka tun da dare, saboda da safe ake sallamar fasinja kuma layi yakan yi tsawo. Mu mun kama ɗaki a otal a Luksor muka ƙara kwana, muka koma Karnak da sassafe mu kaɗai ba mai hanzarta mu, sannan muka bar tazarar yini guda a Alƙahira kafin jirgin Kano, don ko da jirgin ƙasa ya yi latti.