Abin da Amurka ta ɓoye game da baƙin sama

Bidiyon fitilun nan masu shawagi a sama da ake ta yaɗawa, wai baƙi ne daga wata duniya kuma Amurka na gab da fasa ƙwai, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ɓoyo kam an yi shi. A 1947 wani abu ya faɗo kusa da garin Roswell, sojoji suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sojin saman Amurka ta amsa cewa na leƙen asiri ne, an harba shi don sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Shekara 47 ana rufa-rufa, amma kayan da aka rufe nasu ne, ƙirar ɗan Adam.

A Yulin 2023 David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri, ya rantse gaban 'yan majalisa cewa gwamnati na riƙe da jiragen da ba mutum ya ƙera ba. Inda na tsaya shi ne, shaidarsa daga bakin wasu ya jiyo ta. Mu ko a taron ƙungiya, wanda ya zo da "an ce" kan kuɗin asusu, rasit muke tambayarsa. Ma'aikatar tsaron Amurka ta musanta zancen a rahotonta na Maris 2024, sai dai ita ma, bayan Roswell, wa zai yarda da ita kai tsaye?

Allah mai iko ne ya halicci abin da ba mu sani ba, ban musa ba. Amma har yau ko ƙusa ɗaya daga jiragen nan ba a fito da ita an nuna wa jama'a ba.