Takardar da Na Samu da Ɓoye Gaskiya

Na ƙera injin ɓare gyaɗa a ɗan shagona da ke Samaru, amma yana farfasa ƙwaya da yawa. Wani mai walda a Sabon Gari ne ya ba ni shawarar sauya rariyar da rage gudun injin, kuma da gyaransa aikin ya yi kyau. Muka yi ta sayar wa manoma, har injin ya shiga ƙauyukan Giwa, kafin tunanin rajista ya zo mini.

Ranar cike takardun neman haƙƙin ƙirƙira, wanda ke shirya mini su ya tambaye ni ko injin ya taɓa fita kasuwa. Na ce a'a. Ya ce ko da hannun wani a ciki? Na ce ni kaɗai ne. Da takardar shaida ta iso daga Abuja, na ɗauka gwamnati ta tabbatar da maganata.

Daga baya wani maƙeri ya fara kwaikwayon injin, na garzaya wurin lauya don a kai shi kotu. Lauyan ya karanta takardar, ya ɗago kai ya ce, "Injiniya, yaushe ka sayar da na farko?"

Na buɗe baki zan maimaita ƙaryar, sai na tuna rasiɗan da na rubuta da hannuna, da manoman da ke aiki da injin tun kafin rajista, da mai waldan da rabin unguwa ta san aikinsa ne. Duk wanda zan kira shaida, ni zai fara tona wa asiri. Jikina ya yi sanyi, na faɗi gaskiya.

Lauyan ya bayyana mini cewa a dokar Najeriya ta 1970, ofishin rajista cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, kuma ba ya lamunce ingancinsa. Abin da jama'a suka riga suka gani ana amfani da shi ya daina zama sabo. Babbar Kotun Tarayya na iya soke takardar, a ɗauka tun ranar da aka bayar ba ta da ƙarfi. Wanda kuma aka ɗauki jigon ƙirƙirarsa ba da yardarsa ba, gare shi haƙƙin yake komawa. A Amurka ma, shari'ar Therasense ta 2011 ta nuna cewa in aka tabbatar mutum ya ɓoye muhimmin bayani da gangan, takardar duka ba za ta ƙara yi masa amfani ba.

Kariyar shekara 20 nake nema, na rushe ta da bakina. Na janye maganar ƙara, na je Sabon Gari na nemi gafarar mai waldan.

Kai ma in ka ƙera abu, zumuɗin ciniki zai ja ka. Shigar da takardunka kafin ka sayar ko ka nuna, ka rubuta sunan duk wanda basirarsa ke ciki.