Takardar Tara a Bakin Garin Beri

Wata ranar Asabar da hantsi, ina kan hanyata daga Tegina zuwa Kontagora domin ɗaurin auren ɗan yayana, aka ɗaga mini hannu a bakin garin Beri. Jami'in yaro ne, da ƙyar in ya girmi ɗalibaina na aji huɗu. Ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, na'urarmu ta nuna kana gudun kilomita 78 a awa, alhali kuwa cikin gari ka shigo." Ya rubuta takardar tara ya miƙo mini. Na karɓa fuska a murtuke, 'yata Hafsatu tana kujerar baya tana kallo.

Ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ashe ke nan shari'ata kacokan ta rataya ne a kan tambaya guda: daga ina garin Beri ya fara? In a daji nake, ban yi laifi ba. In a gari nake, na zarce da kilomita 28.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ko in biya a banki in huta, ko in tafi kotu, tun da sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin a saurare shi, kuma ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Ta ukun kuwa wani taubashina ne ya raɗa mini ita a wurin walima: "Malam, waya ɗaya zan buga, takardar nan ta zama tarihi." Wannan na ƙi ta nan take, domin a makon nan na karantar da jigon zalunci da cin hanci a ƙagaggun labarai, kunya ba za ta bar ni in koma gaban allo ba.

Kotu zuciyata ta zaɓa. Daren nan na tsara hujjojina kamar mai shirya maƙala: yaushe aka yi wa na'urar gwaji na ƙarshe? Ina allon da ke shaida wa baƙo cewa ya shigo gari? Kashegari a hanyar komawa na tsaya a daidai wurin, na duba gabas da yamma, babu allo. Na ɗauki hoto ina murna, sai Hafsatu ta ce, "Baba, to ai ga gidaje nan, ga mutane. Jiya ba ka gan su ba?"

Na gan su. Na ga 'yan talla da farantan gyaɗa suna ratsa titi, na ga wani dattijo yana jan akuya, amma na ci gaba da taka mota saboda kada a shafa fatiha ba ni. Masana sun tabbatar cewa tazarar da burki ke buƙata ba daidai da gudu take ƙaruwa ba. Wanda ya ninka gudu sau biyu, tazararsa sau huɗu take ninkuwa. A lissafin nan, mai gudun 78 yana buƙatar kusan ninki biyu da rabi na abin da mai gudun 50 ke buƙata. Na tuna kuma cewa marubuci ne, Wole Soyinka, ya fara shugabantar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, bayan ya gaji da rasa abokai da ɗalibai a kan titi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina cewa duk wanda aka ba takarda ya biya ba. Direban da aka ɗora wa abin da bai aikata ba ya adana takardarsa, ya tara shaidu, ya je gaban alƙali, haƙƙinsa ne. Mai yiwuwa ni ma da na je da na yi nasara, sai dai nasarar iya magana ce za ta kasance, alhali na san abin da ƙafata ta yi.

Ranar Litinin na biya tarar, na ajiye rasit. Hoton da na ɗauka kuwa na haɗa shi da wasiƙa zuwa ga masu kula da hanyar, ina roƙon a kafa allo a mashigar Beri ta kowane ɓangare. Hafsatu ce ta liƙe ambulan ɗin.