Guguwa a Ajin Turanci

Ruwan sama ne ya tarbe ni a Kanazawa, a ƙasar Japan. Jirgin ƙasa mai gudun nan da suke kira Shinkansen ya kawo ni daga Tokyo cikin awa biyu da rabi. Watan Nuwamba ne, lokacin da masu kula da lambun Kenrokuen suke ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi don kada nauyin dusar ƙanƙara ya karya su. Na je lambun, na sha kallo. Amma abin da ya fi zauna mini a rai na same shi ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, inda aka yi mini izinin zama a bayan aji kwana uku.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, aka ba ni silifas ɗin baƙi. Yaran 'yan aji ɗaya ne, masu shekara 12 zuwa 13. Shugaban aji ya ba da umarni, suka miƙe, suka rusuna wa malamai, suka zauna. Malaman biyu ne: wata dattijuwa 'yar ƙasar, da wani saurayi ɗan Kanada da ya zo ta shirin JET, wanda tun 1987 gwamnatin Japan take ɗauko matasa daga waje da shi don su taimaka wa malaman harsuna.

Sai da na ga wahalar yaran nan sannan na san mu Hausawa mun samu sauƙi. Bahaushe ya ce "na ci tuffa", Bature ma haka yake jera kalmominsa: mai yi, aiki, abin da aka yi wa. A Japananci kuwa aikatau can ƙarshe yake zama, kamar mutum ya ce "ni tuffa ci", kuma sau da yawa ba a ma ambaton mai yin. Ba su da "a" ko "the". Aikatau ba ya sauyawa don ni ne na yi ko ita ce ta yi. To ga yaro an ce masa idan "he" ne ko "she" sai ya liƙa "s" a wutsiyar aikatau, idan kuma tambaya ce sai "s" ɗin ta bar wurin ta koma jikin "does". Wannan shi ne darasin ranar, na minti 50.

Malama ba ta kai minti goma tana bayani a allo ba. Sai ta raba takardu masu gidaje kamar na dara. A gefen hagu an jera masu aiki: ni, kai, shi, ita, ƙanena. A sama an jera ayyuka: buga tenis, son kifi, karatun lissafi. Kowane yaro ya zana jiragen ruwa uku a gidajen da ya ga dama, ya kare takardarsa da littafi don kada abokinsa ya leƙa. Harsashinka tambayarka. Idan kana zaton jirgin abokinka yana mahaɗar "ita" da "tenis", sai ka ce, "Does she play tennis?" In ka dace ya amsa, "Yes, she does," jirgi ya nutse. In ka kuskure ya ce, "No, she doesn't," shi ma ya harbo tasa.

Na matsa kusa da wasu yara maza biyu. Ɗayan ya ce, "Does she plays…" Abokin ya girgiza kai, ya ɗaga yatsa, ya ƙi amsawa. Harbin bai fita ba ke nan. Yaron ya dafe goshi, ya gyara, ya sake harbawa, jirgi ya nutse, ya buga tebur don murna. Malama tana can wani layin, ba ta ma ji ba. Kafin a tsayar da wasan na ƙirga yaron nan ya gina tambaya fiye da sau 20 da bakinsa. Na tuna ajinmu na firamare, inda kuskure ɗaya a Turanci yake jawo bulala da dariyar 'yan aji, har muka koyi cewa shiru ya fi lafiya. Na yi shekaru ina koyarwa, ban taɓa sa yaro ya maimaita jimla sau 20 yana roƙon a ƙara masa lokaci ba.

Wa zai fara, wa zai bi, duk janken ne yake rabawa: dunƙulen hannu dutse, yatsu biyu almakashi, buɗaɗɗen tafi takarda. Ba gardama, ba kai ƙara.

Kwana na biyu aka yi wasan guguwa. An liƙa katuna a allo a kife, yara sun zauna rukuni-rukuni, irin wanda suke kira han, wanda a cikinsa suke cin abinci, suke kuma yin shara. Rukunin da ya jera wargatsattsun kalmomi suka zama jimla daidai shi zai zaɓi kati. Bayan katin ko maki ne, ko hoton taifu, mahaukaciyar guguwar da kowane yaro a ƙasar ya san ɓarnarta, wadda take share makin gaba ɗaya. Rukunin da yake kan gaba ya ɗauko ta, ajin ya kaure da ihu. Hikimar ta burge ni ƙwarai: muddin guguwa tana nan a ɓoye, na baya ba ya fid da rai, gwani kuma ba ya sakin jiki.

A wajen abincin rana, wanda yaran da kansu suke rabawa sanye da fararen riguna, na tambayi Malama ko iyaye ba sa cewa wasa ya yi yawa. Ta ce jarrabawar shiga babbar sakandare tana nan tana jiran yaran, kuma nahawu ake tambaya, don haka ba ta kawo wasan da bai ɗauki ƙa'ida guda ya jujjuya ta ba. Ta ƙara da cewa tun 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji 5 da 6 na firamare, saboda haka yara suna zuwa mata da kalmomi a kunne, waɗanda suka tsinta a wasanni irin karuta, inda malami yake kiran kalma su yi rige-rigen marin katinta. Aikinta shi ne ta ba kalmomin nan ƙashin baya. Na ce mata mu muna cewa "tebur", su suna cewa "teburu", ashe daga kasuwa ɗaya muka saro. Ta yi dariya har ta rufe baki da hannu.

Akwai wata yarinya a layin taga da ban ji muryarta ba sai a cikin wasa. Ranar da zan tafi, lokacin shara, ina tsaye a baranda sai ga ta da tsintsiya, ƙawarta tana tura ta daga baya. Ta rusuna, ta ce, "Do you like rice?" Na ce ƙwarai kuwa, a garinmu har tuwo muke yi da shinkafa. Ta juya wajen ƙawar, ta ɗan yi jim tana lissafi a zuci, sannan ta ce, "He likes rice," ta ja "s" ɗin nan har sai da na ji ta sarai. Suka tafa hannu, suka koma sharar su.