Fankokin Lambar Rimi da iskar tekun Ankara

Duk mutumin Nima ko Mamobi da ya je gida sarin kaya, in ya bi hanyar Kano zuwa Katsina, to ya leƙa ta taga daidai Lambar Rimi. Zai hangi dogayen fankoki farare tsaye cikin gonaki, guda 37, kowace da fiffike biyu. Tashar lantarki ce mai aiki da iska, an tsara ta ba da megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko maganar tun yana gwamna a 2005, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓa, kamfanin Vergnet na Faransa ya kawo injinan. A Disambar 2012 aka sace injiniyansu Francis Collomp a Rimi, aiki ya tsaya cik, aka kwashe shekaru.

Mu 'yan kasuwa gani muke kayan da ke ajiye ba ya cinyewa. Inji ba haka yake ba. In fanka ta daɗe a tsaye, giris ya daskare, iska kuma ba ta daina kaɗa ta ba, sai boris ya riƙa cin wuri ɗaya har ya yi gurbi. In kuma tana juyi, wata gajiyar ce daban. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa, ka miƙar, ka sake lanƙwasawa: ba ƙarfinka zai karya ta ba, maimaicin ne. Haka gindin fiffike yake sha a kowane zagaye, sama da sau miliyan 100 cikin shekara 20 ɗin da akan ƙera irin waɗannan injina su yi. Tsagar takan fara siririya kamar gashi, ido ba ya gani. Shi ya sa masu kula suke sa na'urar auna jijjiga a akwatin giya, su ɗebi mai su duba ko akwai garin ƙarfe a ciki, su bi noti ɗaya-ɗaya suna ɗaurewa. In iska ta haukace, sai a karkatar da fiffiken ko a tsayar da injin gaba ɗaya. Asarar wutar yini guda ta fi sauƙi a kan sayen sabon fiffike.

Dabara ɗaya ta burge ni a na Katsina: ana iya kwantar da sandar har ƙasa a yi gyara, ba sai an nemo ƙaton kuren ba.

Can ƙurar hunturu ce ke goge bakin fiffike kamar sanfefa. Nan Ankara kuwa gishirin teku ne, kowa ya ga yadda yake cinye kwanon rufi da ƙyauren shago. An daɗe ana maganar kafa tashar iska a Ayitepa, wajen Ningo-Prampram, dab da gaɓa. Mu da muka sha dumso a 2015, firji ya mutu da kaya a ciki, muna maraba. Amma ni abin da nake son ji shi ne wa zai riƙa hawa yana duba tsatsa a shekara ta goma, kuma daga wane asusu za a sayo boris.